Hoton Juma'a

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Juma'a aka kira ofishin 'yan sanda. Wani tela ne. Ya ce wari na fitowa daga ɗakin tsohon da ke saman shagonsa, kuma ya buga ƙofa har hannunsa ya yi zafi ba a amsa ba.

Sufeto ya ajiye shayinsa ko kurɓa biyu bai yi ba. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, mai sanyin magana, wanda ya yi suna a ofis da abu biyu: ba ya mantuwa, kuma bai iya ɗaukar hoto ba. Duk hoton da ya ɗauka da wayarsa sai ka rantse ta cikin ruwan wanki aka ɗauke shi. Sajan, wata mai kaifin baki da ta shekara tara tana aiki da shi, takan ce in da hotunan Yallaɓai ake kama ɓarawo, da tuni gidan yari ya zama kango.

Ranar dai babu wanda ya yi wa wani ba'a. Sun hau benen, suka tarar da ƙofar a rufe da sabon kwaɗo, ta waje. Sai da aka samo guduma aka ɓalle shi.

Tsohon yana kwance a ƙasa, tsakanin ƙofar banɗaki da gado. Kusa da hannunsa akwai kofin ƙarfe wanda gindinsa ya lotse. A kan tebur an jera robobin ruwa takwas da biredi da gwangwanayen madara, yawancinsu ba a taɓa ba. Kusa da taga akwai kujerar katako, a ƙarshen gado kuma riguna biyar ne a shimfiɗe, kowace da hularta a kai.

Tela ya tsaya a bakin ƙofa, ya rufe hanci da gefen rigarsa, yana hawaye. Ya ce Baba Mai Hoto ake kiran marigayin. Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar hoto, har wayoyi suka zo suka kashe sana'ar. Maimakon ya yi fushi da su, sai ya koma koya wa mutanen layin yadda za su ɗauki hoto mai kyau da su, kyauta. Bara hawan jini ya taɓa shi, hannunsa ya fara rawa, kunnensa ya yi nauyi, wani lokaci kuma yakan rikice.

"Wa yake kula da shi?" in ji Sufeto.

"Ɗansa, Auta. Direba ne, amma ya daɗe ba ya aiki."

"Kullum yake zuwa?"

"Kullum, Yallaɓai."

"Jiya ka gan shi?"

Tela ya kalli ƙasa. "Na gan shi."

Bangon ɗakin cike yake da hotunan mutane, jarirai da ɗalibai da ma'aurata, amma babu na mai ɗakin ko ɗaya. A tsakiyarsu an liƙa wata takarda da rubutun hannu mai karkarwa. Sufeto ya matsa ya karanta. An rubuta cewa kafin komai ka goge idon kyamara, domin aljihu ba ya raga masa. Kada ka sa mutum ya ba wa haske baya. In kana son ka matso, matso da ƙafarka, kada ka jawo hoto da yatsa. A ƙasa kuma an ƙara da jan biro: riƙe numfashinka kafin ka danna.

Sufeto ya juya wayarsa ya dubi ɗan gilashin, ya ga maiƙon yatsu na shekara da shekaru. Ya goge shi da hankici, ya riƙe numfashi, ya ɗauki ɗakin. Hoton ya fito tar. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, domin hoto mai kyau na farko a rayuwarsa na gawar mutumin da ya koya masa ne.

Da azahar likitan da ya duba gawar ya kira shi. Ya ce babu alamar duka ko shaƙewa. Tsohon faɗuwa ya yi, ƙashin kwankwasonsa ya karye, ya kasa tashi. Ya yi kamar kwana guda a ƙasa da ransa, ƙishirwa da hawan jini suka ƙarasa shi. A ƙiyasinsa, ya rasu tun wajen Talata.

"Ɗansa zai ce jiya ya gan shi da rai," in ji Sufeto.

"Zafin ɗaki na iya ruɗa ni da kwana guda," in ji likita. "Ba zai ruɗa ni da biyu ba."

Da la'asar 'ya'yan marigayin biyu suka zauna a gaban teburin Sufeto. Babbar malamar makaranta ce a wani gari mai nisa, tafiyar awa bakwai, ko mayafinta ba ta gyara ba tun da ta sauka daga mota. Ƙanenta Auta na gefenta, idanunsa jajur, yana murza makullin mota a hannu. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, Malama ce ta raine shi. Su biyu kaɗai suka rage wa juna a duniya, kuma tun da suka shigo hannunta na kan gwiwarsa.

Auta ya ce kullum da safe yake zuwa, ya yi wa Baba wanka, ya ba shi magani. Zuwansa na ƙarshe jiya Alhamis. Yau ne kawai ya makara a wajen bakanike. Kwaɗon kuwa ya saya ne tun da Baba ya fita watan jiya ya ɓata, aka tsince shi a tasha yana neman tsohon shagonsa.

Da Sufeto ya faɗi abin da likita ya ce, sai Malama ta miƙe zaune.

"Likita ya yi kuskure, Yallaɓai. Gani ya kori ji."

Ta miƙa masa wayarta. Tun da kunnen Baba ya yi nauyi ba ta iya magana da shi ta waya, shi ne suka yi yarjejeniya da Auta, kullum da safe ya turo mata hoton Baba. Da wannan hoton take iya shiga aji da kwanciyar hankali. Ga na Litinin, ga na Talata, ga na Laraba, ga na jiya. A kowanne tsohon yana zaune a kujerar nan ta bakin taga, da riga daban da hula daban, yana murmushi.

Sufeto ya ja allon ya koma baya, makon jiya, watan jiya. Waɗannan kam 'yan uwan nasa hotunan ne. Duhu, karkace, taga a bayan Baba, fuskarsa kamar gawayi, wani ma rabin kansa ya yanke. Daga Litinin ɗin nan kuwa sai ka ce wani aka ɗauko haya.

"Ka canja waya ne?" ya tambayi Auta.

"A'a."

"To hannunka ya faɗa ke nan a mako ɗaya."

"Yau da gobe, Yallaɓai."

"Hotunan suna cikin wayarka?"

"Ina gogewa da zarar na tura. Wayar ba ta da wuri."

Malama ta karɓe wayarta, ranta a ɓace. Ta ce yaron nan ya shekara guda yana wanke wa mahaifinsu jiki da kaya, ko tsaki ba ta taɓa ji ya yi ba. Ta roƙi Sufeto kada ya haɗa musu zafi biyu, ya bar su su yi kukan ubansu. Sufeto ya ba ta haƙuri, ya roƙi ta tura masa hotunan huɗun. Tausayinta ya kama shi sosai, domin ya ga da me take tsaye, ya kuma san shi ne zai janye mata shi.

Washegari da sassafe ya shiga shagon Tela. Keken ɗinki a rufe, rediyon da ke kan kanta a kashe. Ya zauna a benci ya nuna masa hotunan.

Tela ya daɗe yana kallo. Shi ma ɗalibin Baba ne, a wajensa ya koyi ɗaukar hoton ɗinkinsa yana tura wa masu saye.

"Wannan ai hannun Baba ne," ya ce.

"Hannunsa na rawa," in ji Sufeto.

"Ba shi ya danna ba, amma shi ya shirya. Auta ko akuya ba zai iya ɗauka ba."

Ya nuna wa Sufeto da yatsa. An juya kujerar yadda hasken taga zai sauka a gefen fuska. An riƙe wayar daidai idon mai zama, ba daga sama ba, yadda masu tsayi suka saba. Ɗaya kuncin da ya kamata ya yi duhu ya yi haske a hankali, domin Baba kan sa a rataye farin tawul a ƙofar kwaba ya mayar da hasken. An kuma taɓa fuskar a allo kafin a danna, shi ya sa kowane gashin gemu ya fito. Ya ce rana ba ta shiga wannan tagar sai daga ƙarfe takwas zuwa tara, Baba na kiran lokacin awar hoto.

Sufeto ya buɗe hoton Laraba. Rana ce fes a bangon.

"Ranar Laraba da safe ina laimarka take?" ya tambaya.

Tela ya sake duban hoton. Ranar Laraba tun asuba ake ruwa, bai ɗauke ba sai azahar. Sufeto ya tuna, domin takalminsa bai bushe ba sai Juma'a.

Ƙarfe takwas daidai suka hau ɗakin da Sajan. Sufeto ya mayar da kujerar daidai inda take a hoto, ya rataye tawul, ya ce Sajan ta zauna. Ta ce yau ita ce amaryar Yallaɓai ke nan, amma muryarta ba ta ɗauki wasan ba, ta zauna a hankali kamar mai gudun ta tashi mai barci.

Duk bayan minti biyar yana ɗauka ɗaya. Inuwar ƙarfen tagar tana faɗa wa bangon da ke bayan kujerar, inda hotunan mutane suke. A hoton farko tana kan hoton wani jariri. A na biyu ta matsa faɗin yatsu biyu. A na huɗu ta kai kan wani ɗalibi mai riƙe da takarda.

Ya jera nasa da na Auta. A hoton Litinin inuwar na kan jariri. A na Talata ta matsa yatsu biyu. A na Alhamis ta kai kan ɗalibin. Mutum zai iya zuwa kullum da safe, amma ba zai riƙa makara da minti biyar cif kowace rana ba.

"Kwana huɗu a minti goma sha biyar," in ji Sajan.

Sufeto ya duba rigunan da ke ƙarshen gado. Huɗu ya gane su a hotuna. Ta biyar, fara mai ɗinkin ruwan toka, ba ta fito a ko ɗaya ba.

Da suka sauko suka tarar da Tela a ƙasan bene, ya haɗa kai da gwiwa. Ba a tambaye shi ba ya fara magana. Ya ce rabonsa da ganin Auta tun Lahadi da safe. Ƙarya ya yi, don tsoron abin da gaskiyar za ta ce game da shi kansa. Baba yana da wata ɗabi'a, in rediyon shago ya dame shi da ruri ta cikin daɓe, sai ya buga ƙasa da sanda, Tela ya rage murya. Ranar Litinin da yamma ya ji bugu a saman kansa, sai ya rage rediyo ya ci gaba da ɗinki. Ranar Talata da hantsi ya sake jin bugun, a hankali, sai ya kashe rediyon gaba ɗaya.

"Har ina cewa tsohon nan ya cika fitina," ya ce. "Na ɗauka Auta na zuwa ta ƙofar baya. Wallahi haka na ɗauka."

Sufeto ya tuna kofin nan mai lotsattsen gindi. Bai faɗa wa Tela ba, domin kayan da mutumin ya ɗauka sun ishe shi.

Bayan azahar aka sake kiran 'ya'yan biyu. Sufeto ya so Malama ta jira a waje, ta ƙi. Ta ce duk abin da za a gaya wa ƙanenta a gaya masa a gabanta.

"Ranar Laraba an yi ruwa ko an yi rana?" Sufeto ya tambayi Auta.

"Ban riƙe ba."

"Ba za ka riƙe ba, domin ba ka gari. Ba ni wayarka."

Auta ya kalli yayarsa. Ita ce ta ce ya bayar, don a wanke shi kowa ya huta.

Sajan ta karɓa. Abin da Auta bai sani ba shi ne waya ba ta zubar da abin da aka goge nan take, tana da kwandon shararta, takan ajiye shi kwana talatin. Sajan ta buɗe kwandon ta ajiye wayar a tebur. Hotuna biyar ne, dukkansu na ranar Lahadi, daga takwas da minti takwas zuwa takwas da rabi. A tsakaninsu akwai bidiyo na minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, irin wanda yatsa kan zame ya fara ɗauka mai waya bai sani ba.

Sajan ta danna. Hoton ya yi ta lilo, sannan ya tsaya a kan Baba yana gyara hula. Muryarsa ta cika ofishin, da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Goge shi tukuna. Da gefen riga, ba da yatsa ba. Yauwa. Durƙusa kaɗan, kana kallona daga sama kamar alƙali. Yanzu na wace rana muke yi?"

"Na Alhamis, Baba," muryar Auta ta amsa da ƙarfi.

"To bari in ƙara murmushi. In Uwata ta ga na rame, aikinta za ta bari ta taho. Kai ma shekara guda kana zaune, ka je ka yi tafiyarka, kwana biyar ba shekara ba ce."

Tsohon ya gyara zama, sai kuma ya ɗaga yatsa.

"Abu ɗaya dai, Auta. Kada ka sa mini kwaɗon nan. In na ji kaɗaici zan sauka wajen Tela."

"To, Baba."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"Madalla. Riƙe numfashinka."

Bidiyon ya ƙare. Uwata shi ne sunan da Baba yake kiran Malama, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Ta janye hannunta daga gwiwar ƙanenta ta ɗora a cinyarta.

Auta bai yi musu ba. Ya ce wani kamfani ne ya ba shi gwajin tuƙa babbar mota, zuwa da dawowa kwana biyar, in ya yi kyau a ɗauke shi aiki. Ya ji kunyar gaya wa Yaya, domin ya san za ta ce ya haƙura. Da ya gaya wa Baba, Baba ne ya kawo dabarar hotunan, har yana dariya, yana cewa yau zai koya masa sana'ar da ya ƙi koya yana yaro. Da ya fito ya ja ƙofar, ya sauka har ƙasan bene, sai ya tuna ranar da aka tsinci Baba a tasha. Ya koma ya sa kwaɗon a hankali, don kada ya ji. Bai bar wa Tela makulli ba, don kada maganar ta kai kunnen Yaya.

"Kullum da safe sai in tsaya a gefen hanya in tura hoton," ya ce. "Ina kallonsa yana murmushi, sai in ji kamar da gaske na gan shi. Yaya, wallahi na ajiye masa komai. Ruwa, magani, komai na ajiye masa."

Malama ba ta yi ihu ba. Ta ce ranar Laraba ta nuna wa abokan aikinta hoton, tana alfahari, tana cewa ku ga yadda ƙanena yake kula da babanmu. Ta ce har ta sa shi a fuskar wayarta.

Sufeto ya karanta wa Auta abin da ake tuhumarsa da shi: kulle mara lafiya da barinsa ba mai kula har ya rasa ransa, da yi wa 'yan sanda ƙarya. Sajan ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza mata kai. Babu inda mutumin zai gudu. Ta kama hannun rigarsa kawai, ya miƙe kamar wanda ya shekara yana jinya.

A bakin ƙofa ya tsaya. "Yaya."

Ba ta juyo ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma Sufeto ya san wata rana za ta je ta gan shi, amma ba yau ba. Sajan ta wuce da shi bayan kanta, inda ake tsare waɗanda ake tuhuma.

Malama ta share fuskarta da mayafi, ta dubi wayar da ke kan tebur.

"Biyar kuka ce. Huɗu ya turo mini."

Sufeto ya buɗe mata na biyar. Baba ne cikin farar riga mai ɗinkin ruwan toka, hasken taga a gefen fuskarsa, ya kasa riƙe murmushin ya fashe da dariya, har giɓinsa ya fito. Ya fi sauran kyau nesa ba kusa ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce shekara arba'in yana ɗaukar mutane, bai taɓa yarda ya zauna a gaban kyamara ba, cewa yake babu wanda ya iya. Duk gidansu ba su da hotonsa mai kyau ko ɗaya, sai waɗannan.

Wayar Auta ta zama shaida, a ƙa'ida ba a taɓa komai a cikinta sai kotu ta gama. Sufeto ya san wannan sarai. Ya ciro tasa wayar, ya goge idonta da hankici, ya matso da kujerarsa, ya riƙe da hannu biyu, ya ɗauki hoton daga allon.

"Faɗa mini lambarki, Malama," ya ce. "Na jiya ne, ya makara."